RUWA BA YA TSAMI BANZA: Awon Ruwa a Kewayen Mahaƙar Kwal

Kwal yana ɗaya daga cikin ma'adinan da Allah ya albarkaci ƙasar nan da su. Akwai shi a jihohin Inugu, da Kogi, da Binuwai, da Nasarawa, da Gwambe, da waɗansu wurare. Inda duk aka buɗe mahaƙarsa, jama'a su kan sami aikin yi, kasuwa ta buɗe, masana'antu kuma su sami makamashi. Amma kwal ba ya fitowa daga ƙasa sai an ratsa ruwan da ke kwance a bisansa da kewayensa, wannan ruwa kuwa shi ne wanda mutanen wurin su ke sha, su shayar da dabbobinsu, su yi noman rani da shi. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta wajabta wa kowane mai haƙa ya riƙa auna ruwan da ke kewaye da wurin aikinsa. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a dalilin wannan awo, da yadda a ke yinsa, da kuma abin da ya rataya a wuyan mazauna wurin.

Darasin Inugu

A cikin 1909 ne aka gano kwal a kusa da Udi. Zuwa 1916 an gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Fatakwal, aka fara ɗaukar kwal zuwa bakin teku, garin Inugu kuma ya kafu a gindin tudun da a ke haƙa. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, a ƙarshen waɗannan shekaru na 1950 kuwa abin da a ke haƙowa ya kai kimanin tan 900,000 a shekara. Daga baya jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, sa'an nan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramukan.

Wahalar ruwa a Inugu ta samo asali ne daga yadda ƙasar wurin ta ke. A bisan shimfiɗar kwal akwai wani dutsen yashi mai kauri, wanda masana su ke kira dutsen Ajali, yana riƙe da ruwa mai yawan gaske kamar soso. Daga cikinsa ne rijiyoyin burtsatse masu yawa na yankin su ke samun ruwa. Da ma'aikata suka yi ta kutsawa ƙarƙashinsa, sai rufin ramukan ya riƙa tsagewa, ruwa yana kwararowa ciki. Ruwan nan kuwa in ya daɗe a ramin sai ya yi tsami, har ya riƙa cin famfuna da bututun ƙarfe. Manyan mahaƙun ƙarƙashin ƙasa na Onyeama da Okpara sun daina aiki tuntuni, amma ruwa bai daina fitowa daga tsofaffin ramukan zuwa rafuka irin su Ekulu ba. Abin lura a nan shi ne, ana iya rufe mahaƙa a sallami ma'aikata, ruwan da aka taɓa kuwa ya ci gaba da gudana shekaru da yawa bayan haka.

Yadda haƙa ke taɓa ruwa

Ruwa iri biyu ne a ke magana a kansa. Akwai na sarari, watau koguna da rafuka da tafkuna da kududdufai. Akwai kuma na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ke zaune cikin ƙofofin yashi da tsagogin duwatsu, shi ne a ke tararwa in an haƙa rijiya. Waɗannan biyu a haɗe su ke. Da damina ruwan sama ya kan nutse ya ƙara wa na ƙasa, da rani kuma na ƙasa ya kan tsattsafo ya raya rafi. Abin da ya ɓata ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima zai isa ga ɗayan.

Ta hanya uku haƙar kwal ta fi taɓa ruwa. Ta farko ita ce tsami. A cikin kwal da duwatsun da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, haɗin ƙarfe ne da farar wuta, ana kiransa fairait. Muddin yana binne inda iska ba ta isa, ba ya cutar kowa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya fara ruɓewa, ya haifar da asid irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, ko da ya ke bai kai shi ƙarfi ba. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda su ke hanzarta wannan ruɓewa ƙwarai. Ruwan da ya yi tsami haka ya kan narkar da ƙarfe, da manganis, da alminiyam daga jikin duwatsu, a wani wuri har da dalma da asinik in akwai su. In ya gangaro rafi, sai a ga gindin rafin da duwatsunsa sun yi ja-ja kamar tsatsa, kifi da kwaɗi su ɓace.

Ta biyu ita ce janyewar ruwa. Ba a iya aiki cikin rami sai an zuƙe ruwan da ke taruwa a ciki dare da rana. Wannan zuƙa ta kan sa ruwan ƙarƙashin ƙasa na kewayen ya karkata zuwa ramin, tamkar yadda gero ke zurarewa ta tsakiyar mazurari. Rijiyoyin da ke kusa su kan yi ƙasa, sai an ƙara guga igiya, waɗansu ma su ƙafe, idanun ruwa kuma su mutu.

Ta uku ita ce laka da ƙura. A mahaƙun sarari, irin na Okaba a Jihar Kogi da Maiganga a Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gwambe, kwashe ƙasar da ke bisan kwal a ke yi a tara ta gefe kamar tsauni. Ruwan sama in ya sauka a kan tarin nan, ya kan wanko laka da baƙar ƙura zuwa rafuka da fadamu. A kan haɗa kuma da mai da bakin mai da ke zuba daga manyan motoci da injuna.

Tun ran gini ran zane

Awon da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda a ke yi kafin a sa ko da diga ɗaya a ƙasa. Dalili kuwa, a wurare da yawa ruwan rijiya yana da ƙarfe ko kanwa tun asalinsa, rijiyoyi kuma su kan yi ƙasa a shekarar fari ko babu mahaƙa. In ba a rubuta yadda ruwan ya ke tun farko ba, ranar da gardama ta tashi ba wanda zai iya kafa hujja. Mutanen gari za su ce haƙa ce ta ɓata musu rijiya, mai haƙa ya ce haka ya tarar da ita, alƙali kuwa ba shi da abin dubawa.

Wannan awo na farko ya kamata ya ɗauki aƙalla shekara guda cif, domin a ga halin ruwan da damina da kaka da rani da bazara. A cikinsa a kan ƙidaya dukan rijiyoyi da burtsatse da idanun ruwa da mashaya na yankin, a rubuta zurfin kowace, da inda ruwanta ya tsaya, da irin amfanin da a ke yi da ita. A kan kuma gwada duwatsun da za a tono, a san waɗanda ke iya haifar da tsami tun ba a tono su ba. Wannan rubutu garkuwa ne ga ɓangarorin biyu, gama yana kare talaka daga zalunci, yana kuma kare mai haƙa daga ƙazafi.

Wuraren ɗiban ruwa

Ba a ɗiban ruwan gwaji a duk inda ƙafa ta kai. A kan zaɓi wurare tabbatattu, a ba kowane lamba, a sa shi cikin taswira, a riƙa komawa gare shi kullum. A kan kowane rafi da ya ratsa kusa da mahaƙa, lalle ne a sami wuri ɗaya a sama, inda ruwan mahaƙa bai iso ba, da wani daidai bakin magudanar da ke fitowa daga wurin aiki, da waɗansu a ƙasa har zuwa mashayar gari. Bambancin da ke tsakanin na sama da na ƙasa shi ne ke nuna abin da mahaƙar ta ƙara.

Haka nan kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da sama da ƙasa, domin shi ma tafiya ya ke yi, sai dai a hankali ƙwarai, a wani wurin mita kaɗan a shekara. Don bin sawunsa a kan haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse na musamman, watau rijiyoyin awo, waɗansu a gefen da ruwan ke fitowa, waɗansu a gefen da ya ke nufa, musamman tsakanin mahaƙa da gari. A kan yi gajeru da masu zurfi, saboda ruwan ƙasa hawa-hawa ne, wani hawan na iya ɓaci alhali na ƙarƙashinsa lafiya lau. Amfanin waɗannan rijiyoyi shi ne su yi gargaɗi tun ɓarna tana kan hanya, kafin ta iso rijiyar da a ke sha. Shi ya sa a ke rufe bakinsu da kwaɗo. Ba na sha ba ne, kuma dutse ɗaya da yaro ya jefa ciki ya isa ya lalata aikin shekaru.

Abubuwan da a ke aunawa

Da farko a kan auna yawa. A rijiya, ma'aikaci ya kan zura wani tef mai ƙararrawa a bakinsa, wanda ke yin ƙara da zarar ya taɓa ruwa, sai a rubuta zurfin daga wata alama da ba ta sakewa. A rafi kuwa a kan kafa sanda mai lambobi, a kuma auna lita nawa ke wucewa a daƙiƙa.

Sa'an nan a auna kyau. Ma'aunin tsami ana kiransa pH, yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7, ruwan lemon tsami kuwa tsakanin 2 da 3. Kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan. Watau ruwan da ke kan 4 ya fi wanda ke kan 7 tsami sau dubu. Ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan kwal na iya sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idar ruwan sha a 2007, aka sake duba ta a 2015. Bisa ga wannan ƙa'ida, tsamin ruwan sha ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, salfet kada ya wuce 100, jimlar gishirin da ya narke kada ta wuce 500, dalma da asinik kuwa kowannensu kada ya wuce 0.01. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi na ƙarshe, daidai ya ke da giram ɗaya tak cikin duro 500 masu cin lita 200. Ba idon da zai ga wannan, ba harshen da zai ji shi. Ƙarfe ya kan tona kansa ta launi da ɗanɗano, dalma kuwa ta kan ɓuya cikin ruwa garai-garai, tana taruwa a jikin yara tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Jama'a ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga haƙar zinariya ne, amma ya nuna yadda guba ke daɗewa cikin gari ba a sani ba sai an yi gwaji.

Salfet yana da wani amfani na musamman ga masu awo. Ya fi ƙarafa saurin tafiya cikin ƙasa, saboda haka in aka ga yana hawa wata bayan wata a rijiyar awo, an san fairait ya fara ruɓewa, ko da tsamin bai bayyana ba tukuna.

Dole ne a haɗa awon yawa da na kyau kafin a san girman ɓarna. Ga misali, a ce magudana tana zubar da lita 20 a daƙiƙa, kowace lita tana ɗauke da miligiram 10 na ƙarfe. A yini guda, dare da rana, ƙarfen da ya shiga rafi ya haura kilo 17. Babban kogi da damina zai iya shanye wannan, ƙaramin rafi da rani kuwa ba zai iya ba.

Ladabin ɗiban ruwa

Sakamakon gwaji ba ya fin ruwan da aka kai kyau. Kafin a ɗiba daga rijiyar awo, a kan fara zuƙe tsohon ruwan da ya kwana cikin bututu, galibi kamar ninki uku na abin da bututun ke ci, domin a sami sabon ruwa daga jikin ƙasa. Tsami da zafi da ƙarfin gishiri a nan bakin rijiya a ke auna su, gama su kan sake kafin a isa birni. Ruwan da za a gwada don ƙarafa a kan ɗiga masa asid kaɗan don kada ƙarafan su kwanta a gindin kwalba. Kowace kwalba a kan rubuta mata lambar wuri da rana da sa'a da sunan wanda ya ɗiba, a sa ta cikin ƙanƙara, duk wanda ta bi ta hannunsa kuma ya sa hannu a takarda har ta isa ɗakin gwaje-gwaje. Yana da kyau lokaci lokaci a raba ruwa ɗaya gida biyu, a kai ɗakunan gwaji daban-daban, a ga ko za su yi daidai.

Game da lokaci, zurfin rijiyoyi da ruwan magudana sun cancanci awo aƙalla sau ɗaya a wata, cikakken gwajin ƙarafa kuwa duk bayan wata uku. Akwai lokuta biyu da ba a sakaci da su. Ɗaya shi ne ƙarshen rani, lokacin da rafi ya ragu ba shi da ruwan da zai sirka guba. Ɗayan kuwa shi ne ruwan farko na damina, wanda ke wanko duk gishirin tsamin da ya bushe a kan tarin ƙasa tsawon rani. A garin Carolina na Afirka ta Kudu, a watan Janairu na 2012, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko tsami daga wuraren aikin kwal zuwa madatsar da garin ke sha, mutane suka yi watanni ba su iya shan ruwan famfonsu.

In awo ya nuna ɓarna

Awo ba magani ba ne, hanya ce ta sanin lokacin da za a nemi magani. Tun farko a kan tsayar da iyaka ga kowane wurin ɗiba, a ce in abu kaza ya kai kaza, ga matakin da za a ɗauka. In sakamako ya ƙetare iyaka, a kan sake ɗiba nan da nan don tabbatarwa, a sanar da hukuma, a nemo mafarin abin. Ruwa mai tsami a kan tare shi cikin tafkuna a zuba masa farar ƙasa, ta kashe tsamin, ƙarafan su kwanta. Laka a kan kwantar da ita a tafki kafin a saki ruwan. Duwatsu masu fairait a kan binne su a lulluɓe da yumɓu don hana iska da ruwa shiga. Ruwan sama mai tsabta kuma a kan yi masa lambatu ya zagaye wurin aiki. In rijiyar jama'a ta ƙafe ko ta ɓaci saboda haƙa, abin da ya fi gaggawa shi ne a samar musu da wani ruwan sha tun kafin a gama bincike.

Abin da doka ta tanada

Dokar nazarin tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin a buɗe babbar mahaƙa, a kuma baje rahoton inda jama'a za su karanta su faɗi ra'ayinsu. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta hana mai haƙa gurɓata ruwa, ta ɗora masa shirin kare muhalli da gyara wurin bayan aiki, ta kuma sa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da ya ke aiki a cikinta. Ita ce kuma ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idoji kan haƙar kwal da sauran ma'adinai na 2009, da na kyawun ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa na 2011. Nauyin awo da kuɗinsa suna kan mai haƙa, aikin hukuma kuwa shi ne ta duba ta tabbatar.

Aikin jama'a

Ma'aikacin awo sau ɗaya ya ke zuwa a wata, matar da ke ɗiban ruwa kuwa kullum tana bakin rijiya. Ita ce za ta fara ganin tulu ya yi ja a gindi, ko farin tufafi ya ɗauki tsatsa wurin wanki, ko guga ya daina isa. Makiyayi ne zai fara lura shanu sun ƙi wata mashaya, masunci kuma ya ga kifi yana tasowa matacce. Wanda duk ya ga irin wannan, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai wa ƙaramar hukuma da ofishin ma'adinai na tarayya da ke jihar, a rubuce, da rana da wuri.

Ana shawartar dagatai da hakimai su nemi a rubuta batun ruwa cikin yarjejeniyar raya ƙasa, watau a ba su kwafin awon farko, wakilan gari maza da mata su riƙa raka masu ɗiba, a kuma karanta sakamako a bainar jama'a cikin harshen da su ke ji. Gari na iya ajiye littafinsa, malamin makaranta ya riƙa auna zurfin babbar rijiya da igiya mai ƙulli ranar farko ta kowane wata.

Akwai gargaɗi biyu da ya kamata kowane gida ya riƙe. Na farko, tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarfe ko dalma, sai ma ta ƙara musu kauri in ruwan ya ƙone. Na biyu, tsohon ramin mahaƙa da ya cika da ruwa ba mashaya ba ne, ba kuma wurin wankan yara ba, komai kyan ruwansa a ido. Sau da yawa tsamin ne ya kashe duk abin da ke ciki, shi ya sa ya yi garau.

Kwal ɗin da ke ƙarƙashin kowane gari yana da iyaka, wata rana zai ƙare, motoci su tashi. Jikokin mutanen wurin kuwa daga waɗannan rijiyoyi da rafuka za su sha. Don haka awo ba ya tsayawa ranar da aka rufe mahaƙa, domin a lokacin ne a ke kashe famfuna, ruwa ya fara hawowa cikin ramuka yana wanko abin da ya taru. Sai a ci gaba da shi har sakamako ya nuna shekara bayan shekara cewa ruwan ya daidaita, sa'an nan hukuma ta sallami mai haƙa daga nauyin da ke kansa.